Sau Nawa Ka Taɓa Nutso?

Ni ɗan bakin kogi ne. A Numan aka haife ni, inda Gongola yake zubawa cikin Binuwai, tun ban shiga aji ɗaya ba kuwa na iya iyo. Da rani mukan yi gasa mu yara, a ga wanda zai nutse ya damƙo yashin ƙasa, ya kuma riga kowa daɗewa. Saboda haka sa'ad da ƙanwata, wadda take aikin jinya a birnin Hustan na Amurka, ta aiko mini da kuɗin jirgi a dogon hutun 2023, ta ce har ta biya mini kuɗin koyon nutso tare da ɗanta mai shekara 17, sai na yi dariya. Na ce, "Ni za a koya wa ruwa?" Ta ce, "Yaya, wannan ruwan dabam ne. Ka dai zo."

Gaskiyarta kuwa. Nutson da take nufi shi ne wanda mutum yakan goya tukunyar iska a baya, ya sa bututu a baki, ya ɗaura gilashi a fuska, ya sa takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, ya sauka ƙarƙashin teku yana numfashi abinsa har kusan sa'a guda. Faransawa biyu ne, Jak Kusto da Emil Ganyan, suka ƙera na'urar da ta sauƙaƙa wannan a 1943. Mako biyu muka yi muna koyo, ni da yaron. Akwai littafi da jarrabawa. Sai ka yi iyo mita 200 ba tsayawa, ka kuma zauna a kan ruwa minti 10 ba ka riƙe kome ba. Daga nan aka yi ta horonmu a kwamin wanka, sa'an nan muka yi nutso huɗu a wani tafki mai duhun ruwa a bayan gari. A ƙarshe ƙungiyar PADI ta ba kowannenmu katin shaida. Katin ya yarda mana mu sauka har mita 18, wato wajen ƙafa 60, ba fiye ba.

Dalilin wannan iyaka shi ne abin da iyon kogi bai taɓa koya mini ba. Kowace mita 10 da mutum ya sauka, ruwa yakan ƙara masa nauyi daidai da nauyin iskar da take danne mu duka a bisa ƙasa. A mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. To, iskar da kake zuƙa daga tukunya ita ma a matse take shiga, saboda haka tukunyar da za ta kai ka sa'a guda a sama, a mita 20 sulusin wannan lokaci za ta yi. In kuwa ka cika huhu a mita 10, ka riƙe numfashi ka taso, iskar za ta kumbura ninki biyu a ƙirjinka, tana iya yaga huhu. Ga kuma wata iska mai suna naitirojin da take narkewa cikin jini a zurfi. Wanda ya taso da gaggawa, sai ta yi kumfa a jikinsa kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe. Don haka ake tasowa sannu, a tsaya minti 3 a mita 5 kafin a fito. Duk wannan na rubuta shi daidai a jarrabawa, na ma fi yaron maki, gama malami ne ni.

Daga Galbestan muka shiga jirgin ruwan shaƙatawa, tafiyar kwana bakwai. Jirgin nan gari ne sukutum, benaye sama da goma, mutane dubbai, abinci dare da rana. Zai tsaya a wurare uku: tsibirin Rowatan na ƙasar Honduras, da Beliz, da tsibirin Kozumel na Meksiko. Dukansu suna kan jerin duwatsun murjani guda ɗaya mai tsawon kimanin kilomita 1,000, wanda in ban da na Ostareliya babu kamarsa a duniya. Ƙanwata ba ta shiga ruwa. Daren da za mu isa tsibiri na fari, ta same ni a bakin ƙarfen jirgi ina kallon duhu, ta ce, "Yaya, shi kaɗai gare ni. Na ba ka amanarsa." Na ce ta kwantar da hankalinta. Masu nutso bibbiyu suke tafiya, kowa yana lura da ɗan'uwansa, ni ne kuwa abokin tafiyar yaron.

In wani ya tambaye ni inda sabon mai kati ya kamata ya fara, Rowatan zan ce masa ba tare da na yi tunani ba. Daga tashar jirgi mota ta kai mu ƙauyen da suke kira West End, a gefen yammacin tsibirin, cikin kamar minti 20. A can murjani yana kusa da gaɓa ƙwarai, kwalekwale mai inji bai yi minti 10 ba ya tsaya aka ɗaure shi. Ruwa a kwance yake, ga ɗumi kamar an sirka, kana kan kwalekwale kana hango ƙasa. Muka bi igiya muka sauka a hankali, muna toshe hanci muna hurawa domin kunne ya daidaita, har muka tsaya bisa farin yashi a mita 12. Wannan yashi ba ƙaramin abu ba ne ga sabo. Ka san inda ƙasa take, in ka rikice ka durƙusa ka natsu.

Kai, mai karatu, abin da ido ya gani! Murjani iri iri, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar ƙwaƙwalwa, wani kamar mafici yana kaɗawa. Ga wani kifi mai baki irin na aku yana gatsar dutse, har kana jin ƙarar haƙoransa cikin ruwa. Abin da ya niƙa shi yake kasayarwa ya zama farin yashi, yashin nan da masu kuɗi suke ƙetare teku su zo su kwanta a kai. Kunkurun teku ya zo ya wuce mu bai ko dube mu ba. Jar igiyar da ke wuyan yaron ta koma ruwan ƙasa, gama ja ne launin da ruwa yake fara haɗiyewa. Amma mun ga wuraren da murjani ya yi fari fat kamar ƙashi. Jagoranmu ya ce zafin ruwa ne, shekarar 2023 kuwa teku ta yi zafi ƙwarai a wannan yanki. Jagoran nan baƙin mutum ne kamar ni, har na ɗauka zai amsa in na gaishe shi da Hausa. Ashe daga kabilar Garifuna yake, jikokin 'yan Afirka da 'yan asalin tsibiran, waɗanda Turawan Ingila suka kwaso daga tsibirin San Binsan suka zube a Rowatan a 1797.

Nutso biyu muka yi a wurin, lafiya lau. Abu ɗaya ya kusa ba mu kunya. Jirginmu ya riƙe agogon Galbestan, agogon tsibirin kuwa yana baya da sa'a guda. Da mun bi agogon da ke bangon kantin masu nutso, da mun iso tasha mun tarar da jirgi ya yi nisa. Yaron ne ya lura. Da dare na rubuta a ɗan littafin da masu nutso suke ajiye lissafi: na biyar, na shida. Na kwanta ina jin lalle teku ta san ɗan Binuwai ya zo.

A Beliz ba mu shiga ruwa ba. Jirgi a nesa da gari yake kafa anka, sai ƙananan jirage su yi ta jigilar mutane, rabin safiya ta tafi ke nan. Hoton da ake tallar ƙasar da shi, wato babban ramin nan mai shuɗi a tsakiyar teku, faɗinsa ya kai mita 300, zurfinsa ya haura mita 120, masu shigarsa kuwa sukan sauka wajen mita 40. Wannan ba namu ba ne. Wurin da ya dace da irinmu shi ne Hol Can, wanda aka keɓe tun 1987, zurfinsa bai wuce mita 9 ba, amma yana can kusa da garin San Fedro, tafiyar kamar sa'a ɗaya da rabi a jirgin haya, dawowa ma haka. Muka lissafa muka haƙura, muka ci shinkafa da wake a gari muka komo. A teburin abincin dare akwai wata tsohuwar Baturiya da ta yi nutso ɗaruruwa. Ita ta ba mu labarin wani wuri a tsibirin Giran Keman inda ake durƙusawa a mita 4 kaɗai, manyan kifaye masu faɗi kamar faifai suna shawagi a kanka, da kuma tsibirin Boner inda ake shiga daga gaɓa da ƙafa, an shafa wa duwatsu rawayan fenti a bakin hanya don nuna mashiga. Ta ce yawancin abin da ya burge ta a rayuwarta a ruwa mara zurfi ta gan shi, inda hasken rana yake kaiwa sosai. Na gyaɗa kai don ladabi. A zuciyata na ce tsufa ne.

Sai Kozumel. A nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu.

Tsibirin nan ya yi suna a duniya saboda ruwansa garau, gwamnatin Meksiko kuma ta mai da murjaninsa gandun da ake karewa tun 1996. Amma ruwan ba a kwance yake ba, gudu yake yi tsakanin tsibirin da babbar ƙasa, yawanci daga kudu zuwa arewa. Saboda haka ba a ɗaure kwalekwale. Akan zuba masu nutso, ruwa ya ɗauke su, mai tuƙi ya bi kumfarsu daga sama ya kwashe su can gaba. Ni na shirya mana da wani kanti a cikin gari don ya fi na jirgi araha, ko da yake na san in ka bi ta hannun jirgi kuka makara za a jira ku, in kuwa ka yi gaban kanka, ba ruwan kowa.

Mu takwas ne a kwalekwalen. Muna fita, jagora ya bi mu ɗaya ɗaya yana tambaya, "Sau nawa ka taɓa nutso?" Wani ya ce 80. Matarsa ta ce 60. Wani saurayi da ban girme shi da ƙasa da shekara 20 ba ya ce 200 da wani abu. Jagoran ya ce in akwai sababbi za a tafi lambun Falankar, inda murjani yake farawa tun daga sama kuma ruwa ya fi sauƙi. In babu, sai katangar Santa Rosa. Na ga fuskokin mutane sun yi haske da jin Santa Rosa. Ya iso kaina. Ni da furfura ta fara fito mini a gemu, ni kaɗai baƙin dattijo a wurin, in buɗe baki in ce shida, in ɓata wa mutum shida ranarsu? Sai na ji bakina ya ce, "Wajen 30, mu biyu duka."

Yaron ya ɗago kai. Da Hausarsa ta 'yan Amurka ya ce a hankali, "Kawu..." Na yi masa kallon da nakan yi wa 'yan aji in sun yi surutu a lokacin addu'a. Ya yi shiru. Uwarsa ta yi masa tarbiyya irin ta gida, ba ya ƙaryata babba a gaban baƙi. Na daɗe ina tunanin wannan. Ladabin da muke alfahari mun koya wa 'ya'yanmu, shi na ɗauka na rufe masa baki da shi, a kan abin da ya shafi ransa.

Santa Rosa katanga ce da gaske. Gefen tsibirin ne ya yanke ya zarce ƙasa, samanta a wajen mita 15 yake, daga nan sai shuɗi, sai baƙi, ba ka ganin iyaka. Babu igiyar da za ka riƙe, babu yashin da za ka durƙusa. Muna sauka ruwa ya ɗebe mu. Waɗanda suka saba suka harɗe hannuwa suka miƙe, ruwa yana tafiya da su kamar shaho a iska. Ni kuwa jinin kogi ya motsa, na shiga kokawa da ruwa, ina harba ƙafa ina tuƙi da hannu don in tsaya kusa da yaron. Na sa darma da yawa a ɗamara, sai nitsewa nake yi, in hura iska a falmaran ɗin da ke riƙe mutum a tsakiyar ruwa in yi sama, in saki in yi ƙasa. Agogon hannuna ya nuna mita 25. Ina haki kamar wanda ya hau dutse da kaya. A wannan zurfi kowane numfashi yana cin iskar da ta ninka ta sama sau uku da rabi, na san haka sarai, na ci shi a jarrabawa. Amma ko sau ɗaya ban dubi ma'aunin tukunyata ba.

Yaron ne ya matso ya kama ma'aunin ya juyo mini da shi. Da 200 muka shiga. Ƙa'ida ita ce mutum ya fito da 50 a ajiye. Allura tana kan 40, muna kuwa mita 25, ba mu yi minti 20 ba.

Ba zan ɓoye muku ba, duk karatun nan ya fice daga kaina. Na ɗaga ido na ga hasken rana can sama, jikina duka ya ce mini in harba ƙafa in tafi, kamar yadda nakan yi a Binuwai in numfashi ya ƙare. Har na fara. Sai na ji an riƙe mini falmaran gam. Yaron ne. Ya kawo fuskarsa daf da tawa, ya ɗaga tafin hannu, wato tsaya, ya nuna mini bakinsa yana fitar da kumfa a hankali, wato yi numfashi. Da ɗaya hannun ya ciro ƙarfe yana buga tukunyarsa har jagora ya waigo. Jagoran ya iso, ya dubi ma'auni, ya miƙo mini bututunsa na biyu mai rawaya, wanda kowane mai nutso yake ɗauke da shi saboda irin wannan rana. Ya kira sauran da hannu, ya hura wata doguwar jar jaka ya sake ta ta yi sama don mai kwalekwale ya gani. Muka taso taƙi taƙi, yana riƙe da ni kamar akuyar da za a kai kasuwa. A mita 5 muka tsaya minti 3. Ban taɓa ganin minti 3 masu tsawon waɗannan ba, mutum bakwai suna rataye a ruwa suna kallona.

Da muka hau kwalekwale ba wanda ya yi magana. Jagoran ya tsuguna a gabana, bai ɗaga murya ba, ya sake tambayata, "Sau nawa?" Na ce, "Shida. Wannan na bakwai." Ya dubi yaron, ya dube ni. Ya ce da na faɗa tun farko da ya kai mu Falankar, kowa ya yi nutsonsa cikakke, gama kullum yana kai sababbi can. Shi ma yana da nasa laifi, da ya duba katinmu da kyau da ya ga kwanan watan bai cika wata guda ba. Amma ban ga bakin faɗar haka ba. Na tashi na roƙi gafarar mutanen nan ɗaya ɗaya, gama kuɗinsu suka biya na yanke musu nutso a rabi. Sa'an nan na juya ga yaron, wanda na kai shi mita 7 ƙasa da inda katinsa ya yarda. Na ce, "Ɗana, ka yafe mini." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba kome, Kawu." Hannunsa yana rawa.

Muka huta fiye da sa'a guda a gaɓa. Na ce ni na gama. Jagoran ya ce a'a, in na tafi a haka ba zan ƙara shiga ruwa ba har abada. Ya rage mini darma, ya ce in manne a gefensa, in nuna masa ma'auni duk sa'ad da ya waigo. Nutso na biyu a wurin da suke kira Faraiso aka yi, kusa da tashar manyan jirage, har muna hango namu. Zurfinsa wajen mita 12 ne, tuddan murjani ne a jere bisa yashi, ruwa yana tafiya a hankali. Na harɗe hannuwa kamar yadda na ga sun yi, na bar kokawa, sai ga shi ruwa yana ɗauke da ni ba wahala. Jagoran ya haska tocila a ƙarƙashin wani dutse ya yafito mu. Wani kifi ne a laɓe, mai faffaɗan kai kamar kwaɗo, da ratsi fari da baƙi a fuska, da gemu, gefen fikafikansa rawaya. Da Kozumel aka san wannan kifi, mutane sukan zo daga nesa don su gan shi. Saurayin nan mai nutso 200 ya fi kowa murna, ya yi ta ɗaukar hoto. Minti 45 muka yi, na fito da 70 a tukunya.

Mun koma jirgi da sauran lokaci. Washegari duka a teku za mu yini kafin Galbestan, wannan kuwa ya yi daidai, gama wanda ya yi nutso fiye da ɗaya ba ya hawa jirgin sama sai bayan sa'a 18. Ƙanwata tana jiranmu a bakin matakala, ta ce, "Yaya ruwa?" Yaron ya ce, "Lafiya, Mama," ya wuce ɗaki. Na gane ba zai faɗa ba, zai rufa mini asiri har ƙarshe. Bayan abincin dare na ce mata ina da magana. Na gaya mata duka, har da kallon da na yi masa. Ma'aikaciyar jinya ce, ba sai na bayyana mata abin da kumfa take yi a jini ba. Ta saurara har na gama, ta tashi ta tafi ba ta ce uffan ba.

Da safe ina zaune a bayan jirgi ina cika ɗan littafina, na bakwai, mita 25, na takwas, mita 12, sai ga ta da kofin shayi biyu. Ta ajiye ɗaya a gabana, ta ja kujera. Ta karɓi littafin ta karanta, ta mayar mini. Ta ce yaron ya ce baɗi yana so su je Boner, ita kuwa ta ce masa za ta yi tunani, ba ta kuma yanke ko da wa zai tafi ba tukuna.